Batirin da Ke Riƙe da Agogo

Shekara goma sha tara Balarabe yana tuƙa maigidansa Ammu Sa'id a Madina, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Sai tsohon ya sayo karafan, doguwar mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ya ajiye ta ƙarƙashin dabinai a gonarsa ta Ƙuba, ya damƙa wa Balarabe makulli. Komai na cikinta, daga fitilu har famfon ruwa da na'urar sanyi, da wani ɗan allo ake sarrafa shi, ana taɓawa da yatsa kamar waya.

A tashar Maraɗi Balarabe ya koyi tuƙi, inda dokar farko ita ce in mota za ta daɗe a ajiye, a cire kan batir kada ya zuƙe. Haka ya riƙa yi wa karafan har wata takwas.

Ranar Laraba da la'asar ya mayar da kan batir. Allon ya kawo wuta yana kuka tsit-tsit, agogonsa ya koma sifili, kwanan wata ya koma farkon shekarar dubu biyu. Ya saita, ya cire kan batir, ya mayar. Agogon ya sake komawa sifili. Washegari za a tafi garin Yanbu da jikokin Ammu, wata mai zuwa za a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ga babban ɗan gidan ya daɗe yana cewa a nemo direba mai jini a jika wanda ya san motocin zamani. In aikin ya tafi, zaman iyalinsa a Madina ya tafi ke nan.

Ya daɗe da waya a hannu kafin ya kira Najiba, babbar 'yarsa. Shekara uku tana gyaran waya a wani shago, shi kuwa bai taɓa tambayarta yadda aikin yake ba, don tun farko bai so shi ba.

Ta iso da ƙaramar jakar kayan aiki a kafaɗa. Ta dubi allon, ta dubi sifanar da ke hannunsa.

"Baba, kana cire kan batir ko?"

"To da fa? Mota ce."

"Kullum?"

"Tun ba a haife ki ba nake yi, ba wanda ya taɓa kawo ƙarata."

Ta yi dariya, ta faɗi wani abu da Larabci da sauri, sannan ta mayar da shi Hausa don ta ga ya haɗe fuska. "Akwai ɗan batir a bayan allon, kamar kwabo. Shi ke riƙe da agogo in an ɗauke wuta. Don aikin ɗan lokaci aka yi shi, kai kuma ka ɗora masa gadi na wata takwas."

"Ke dai faɗa mini, ya ƙone?"

"Gajiya ya yi. Je ka cire kan batir ɗin, yau ni na sa ka."

Da ya dawo ta riga ta zura siririn ƙarfe a gefen allon tana ɓamɓarowa. Robar ta yi ƙas. Balarabe ya rufe ido.

"A hankali, Najiba. Ba wayar ƙawarki ba ce."

"Riƙe mini wannan, kada ka ja wayoyin."

Ya tallafi allon da hannu biyu kamar jariri, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ta kwance ƙananan kusoshi huɗu, ta jera su a murfin kwalba. Ga shi nan kuwa, ɗan farin abu a maƙale. Ta zare shi, ta ciro sabo daga jakarta, ta duba lambar da ke jikinsu ta ga iri ɗaya ce, ta tura shi har ya zauna. Ba ta yi kuskure ba ko sau ɗaya. Balarabe ya lura da haka.

Suka mayar da wuta, ta saita agogo: biyar saura kwata.

"Saura gwaji. Sake cirewa."

"A bar shi haka mana, tunda ya yi."

"In ba mu gwada a nan ba, a hanyar Yanbu zai gwada ka."

Ya fita yana bismilla, ya cire, ya tsaya cikin inuwar dabino yana jan carbi har ya zagaye shi sau uku. Ya mayar. Bai iya shiga ba, sai ya leƙa ta ƙofa.

"Biyar saura minti goma sha ɗaya," in ji Najiba, ta juyo masa da fuskar wayarta. Agogon allon da na wayar daidai suke.

Ya zauna a matakala, ya sauke numfashi. Can ya karɓi mataccen batirin, ya juya shi a tafin hannu, ya jefa a aljihun gaba.

"Me za ka yi da shi?"

"Ammu zan nuna wa. In gaya masa ni na kashe, 'yata ta gyara." Ya miƙe ya ɗauki jakarta. "Mu je in sauke ki. A ina ma shagon naku yake?"