Ruwan Gashin Baba Shitu

Musbahu na durƙushe a gefen karaban, ya cusa kai cikin ɗan akwatin da hitar ruwa take, yana kokawa da makunninta da filaya. Sau uku filayar na zamewa. A na huɗu ta cije masa yatsa, ya ja tsaki, ya miƙe, ya zaga motar ba tare da ya san abin da yake nema ba, ya dawo ya sake durƙusawa.

Karaban ɗin ɗan Kwatano ne, ɗaki guda a kan taya, da gadaje da famfo da hita mai aiki da gas. A ciki masu haƙa rijiyar burtsatse suke kwana duk ƙauyen da aiki ya kai su. Jiya suka gama ta Kwanyawa, yau ana jiransu a Rogo Sabon Gari kafin la'asar. Musbahu ne shugaban aikin, amma mai jan karaban da babbar mota mahaifinsa ne, Baba Shitu, wanda ya shekara talatin da biyar a kan sitiyari bai buge ko akuya ba. Wanda duk ya zauna da shi minti biyar sai ya ji labarin akuyar nan da ba a buge ba.

"Kai Musbahu!" Baba ya ƙwala kira daga gindin ɗorawa. "Hadari na haɗowa, kai kana can kana yi wa hita tiyata."

"Saura kaɗan, Baba."

Ba kaɗan ya rage ba, kuma ba hitar ce damuwarsa ba. Da safe ya buɗe famfo zai wanke hannu, ruwan ya kusa saɓule masa fata. Da ya duba, sai ya tarar an murɗa makunnin har ƙarshe, har kansa ya karye. Mutum ɗaya ne ke taɓa hitar nan: Baba, da ba ya hawa mota sai ya gasa ƙafafunsa a roba, wai sanyi ya shige su. Wajen alwala kuma Musbahu ya hango bororo a duga-dugansa, Baba ya ce masa takalmi ne. Makon jiya motar ta zarce mahaɗar Karaye da kusan tsawonta, aka ce birki ne. Musbahu ya kwance birkin nan kaf, lafiyarsa ƙalau. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma likita ya taɓa gaya musu ciwon suga irin na Baba na kashe jijiyar ƙafa a hankali. Tsoro ne fal cikinsa, ga nauyin baki. Ta ina ɗa zai fara ce wa ubansa ya sauka daga mota?

Ya danna filayar da ƙarfi. Makunnin ya juya, ya wuce inda yake so, wutar ta yi fat ta mutu. Ya buɗe famfo ya bar ruwan zafin ya tsiyaye ƙasa, sannan ya tara robar. Ya tsoma hannu. Ruwan randa ma ya fi shi ɗumi. Har ya ɗauko ashana zai sake kunnawa, sai ya tsaya, ya mayar da ita aljihu.

Ya kai robar gindin ɗorawa ya ajiye. "Ga ruwan, Baba. A hankali, da zafi."

Baba ya naɗe wando, ya yi bismilla, ya tsoma ƙafar dama. Nan take ya fizge ta yana yarfewa.

"Kai! Dafa ni za ka yi? Wannan ai sai figar kaza! Bari ya huce tukuna."

Ya yi dariya yana satar kallon ɗansa, ya ga ko an yarda. Musbahu bai yi dariya ba. Tausayi ya cika shi. Ya tsuguna, ya kama hannun mahaifinsa, hannun nan da ya koya masa canza giya, ya sa shi cikin robar.

Baba bai janye ba. Ya daɗe yana kallon yatsunsa a cikin ruwan. Can wajen Rogo aka yi tsawa, ma'aikata suna ta ɗaure bututu suna kiran a yi sauri.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun azumi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Da ido nake taka birki. Sai na leƙa in ga inda ƙafar take."

Ya goge hannu a riga, ya laluba aljihu, ya ciro makullin motar mai tsohuwar igiyar fata. Bai miƙa ba, a kan murfin robar ya ajiye shi, ya ɗauki takalmansa ya nufi ƙofar motar da bai taɓa shiga ta ita ba, ta gefen fasinja. Sai da ya kama marfin ya waiwayo.

"Akwai gangara bayan gada," ya ce. "Ka fara rage gudu tun daga nesa. Awaki na tsallakawa a wurin."