Awon Bayan Merle

Madubin cikin motar ya sake kallon sama. Merle Haugen ya lura da shi ne lokacin da yake ja da baya zai tsaya a gaban shagon kayan farauta: maimakon hanya, rufin motar yake gani. Ya miƙa hannu ya sunkuyar da shi kaɗan. Karo na uku ke nan tun bara, kuma ba mai tuƙa motar nan sai shi.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Lonnie Pruitt ne, abokin farautarsa, riƙe da kofin gahawa, hularsa duk maiƙon inji.

"Falwaya, fito mana. Ko sai an kawo injin ɗaga kaya?"

"Wani yana taɓa min madubi," in ji Merle.

"To ba ni ba ne. Ni ko tsani ka ba ni ba zan kai ba."

Merle ya fito a hankali, ya sauke ƙafar hagu kamar mai gwada zurfin ruwa, sannan ta dama ta biyo. Ya zagaya bayan mota ya ɗauko tsohon firam ɗinsa, wanda ake ɗaure nama a kai a goya. Ƙarfen ya yi baƙi da tsohon jini, igiyoyin kafaɗar sun sha ɗinki har ba a gane asalin launinsu.

"Wannan kuma fa? Jana'iza za mu yi masa?"

"So nake Twila mai shagon nan ta ga abin da ya kashe min baya."

Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk watan Satumba, su uku suke shiga jirgin ruwan Lonnie su gangara kogin Tanana neman mus, wata dabbar dawa mai ƙaho da ta fi saniya girma: shi, da Lonnie, da Wendell mai kula da inji. Mutum uku jirgin yake ɗauka da naman dabba ɗaya, ko kare aka ƙara sai ya fara shan ruwa. Harbin mus ba shi ne aiki ba. Aikin yana farawa ne bayan ya faɗi, don ba ya faɗuwa a bakin kogi, sai can cikin fadama inda ƙafa ke nutsewa har gwiwa. Cinyarsa ɗaya ta haura laba ɗari. Sawu takwas ake yi ko tara, kuma doka ta ce sai an kwashe nama kaf kafin a ɗauki ƙaho. Jirgin Lonnie ma yana da tasa dokar, ba a rubuce ba: duk wanda ya zauna a ciki, zai goya cinya.

Bara Merle ya goya tasa. Taku ɗari biyu ya yi, sai ƙafarsa ta hagu ta ɗauke kamar an zare ta, ya zube cikin laka. Lonnie da Wendell suka raba sawunsa, aikin yini ɗaya ya kwana. Da suka koma da safe, beyar, wata ƙatuwar dabba mai cin nama, ta riga su. Kafaɗa guda da haƙarƙari duka sun tafi. Gida uku suka shiga hunturu da firiza rabi.

Ba wanda ya ce masa komai. Shi ne ya yi ta magana, a coci, a gidan mai, a ko'ina: firam ɗin ne. Gajere ne, shi kuwa bayansa dogo. A hannun wani gajeren soja ya saye shi tun yana saurayi, kuma tun a lokacin ɗamarar a kan cibiyarsa take zama maimakon ƙugu, nauyi duka ya koma kafaɗu. Ƙarfi ne kawai ya rufa masa asiri shekara da shekaru. A samo masa mai tsawo, su ga aiki.

Colby, mijin 'yar Lonnie, shekara uku yana jiran kujera a jirgin nan. Da watan Agusta ya raba, ganyen itatuwa ya fara rawaya, Lonnie ya kira Merle a waya.

"Mu je Fairbanks wurin Twila. A samo maka daidai kai. Ka goya laba ɗari, ka hau benen shagon ka sauko, kujerarka tana nan."

Bai faɗi ragowar maganar ba, Merle ma bai tambaya ba.

Ƙararrawar da ke saman ƙofa ta yi ƙara da suka shiga. Merle ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, don a da ta sha bugun goshinsa. Shagon yana warin man bindiga da sabuwar roba. Twila tana bayan kanta tana jera harsashi a akwati. Ita ta gaji shagon daga mahaifinta, marigayi Harlan, kuma a kan kafaɗar Merle ta fara hango kogi tana 'yar shekara huɗu.

"Kawu Merle! Yau su wa nake gani? Kawu Lonnie, kar ka ɗora min kofin nan a kan taswira."

"Mun kawo miki falwaya a ɗaura mata sirdi," in ji Lonnie.

"Rabu da randar nan," in ji Merle. "Mafi tsawon da kike da shi nake so. Wanda zai ɗauki cinya bai yi kuka ba."

"Akwai. Yanzu ana yin masu tsawo, ba kamar da ba. Bari in auna ka."

"Ba sai kin wahala ba. Inci ashirin da uku. Babanki ya auna ni a nan wurin da hannunsa, ya ce bai taɓa ganin baya irin nawa ba sai a jikin doki."

"Na ji labarin nan ya fi sau ɗari. Amma ba na sayar da firam ban auna ba, ko babana ne ya dawo. Cire jaket."

Ya cire. Ta sa shi ya sunkuyar da kai, ta laluba da yatsa har ta samu ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya. Ta ce ya dafa ƙugu, manyan yatsunsa suna kallon baya. Ya ji tef ɗin awo yana bin gadon bayansa. Lonnie yana can yana ba da labarin yadda Wendell ya sayi sabon takalmin ruwa duka biyu na ƙafar hagu.

Tef ɗin ya ɗaga. Ya sake sauka a gindin wuyansa, ya sake gangarawa, wannan karon a hankali.

"Miƙe sosai, Kawu."

"A miƙe nake."

Lonnie ya bar labarin takalmi a tsakiya.

"Ashirin da rabi," in ji Twila.

"Tef ɗinki ya saki. Na yadi ne, suna saki."

Ba ta yi musu ba. Ta je ta ɗauko na ƙarfe, irin na kafinta, ta auna, ta riƙe wurin da farce ta zagayo ta nuna masa. Ya daɗe yana kallon lambar. Sai madubin mota ya faɗo masa a rai, da wandunansa da suka fara jan ƙasa, da ƙararrawar ƙofa da har ya manta rabon da ta taɓa ko hularsa.

"Ba ni mai tsawon dai," ya ce.

Ta ɗauko daga jikin bango, ta rataya masa, ta ɗaure ɗamarar a ƙugu. Igiyoyin kafaɗa suka tsaya a sama, har hannunta yana shiga tsakaninsu da rigarsa. Da ya ɗaga kai, ƙarfen ya bugi ƙeyarsa. Merle ya jira Lonnie ya yi ba'a, don abin ba'a ne. Lonnie yana karanta takardar da ke jikin wata fitila kamar ita ya zo saye.

"Bari in ga tsohon," in ji Twila, "in san daga inda za mu fara."

Ta cire masa sabon, ta ɗora tsohon, ta ja igiyoyi. Ɗamarar ta sauka a kan ƙashin ƙugunsa ta zauna daram. Igiyoyin suka kwanta a kafaɗunsa ba rata ko ta yatsa. Twila ta ja da baya tana dubawa da idon mai sana'a.

"Kai! Wannan ai kamar don kai aka..."

Ta sa hannu ta gyara wata igiya da ba ta bukatar gyara.

Shekara talatin yana zagin ƙarfen nan a kan gajarta. Yanzu ga shi ya zo daidai, kuma da alama bara ma daidai yake, ranar da ya zube cikin laka. Merle ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Duk mutanen da ya tsayar a gidan mai yana yi musu bayanin cibiya da ƙugu suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba yau za a yi gwajin ba dole," in ji Lonnie. "Akwai sauran sati biyu."

"Twila," in ji Merle, "kawo sabo mai wannan tsawon. Mafi kyau. Ki ɗaura masa buhunan yashin gwaji."

"Kawu, mu fara da laba arba'in."

"Mus ba ya zuwa da cinyar arba'in. Ɗari."

Ita da Lonnie suka ɗaure buhunan yashi huɗu a jikin firam ɗin, suka ɗora shi a bakin kanta. Merle ya juya baya ya shiga cikin igiyoyin, ya ja ɗamara har numfashinsa ya tsaya, ya miƙe.

Bai taɓa goya abu mai daɗi haka ba. Nauyin ya bi ƙugunsa ya sauka ƙasa, kafaɗunsa sakayau kamar ba komai a kai. Ya taka zuwa gindin benen, ya ji ƙafafunsa duka biyu suna amsawa. Har ya hango kansa a bakin kogi da sanyin safiya, Wendell yana zagin inji, Lonnie yana ƙona ƙwai a kasko.

"Ka gani, Randa?" ya ce. "Ka gaya wa surukinka ya ci gaba da kamun kifi."

"To, Falwaya! Hau mu gani!"

Matakala goma sha huɗu ne. Ya hau ɗaya, biyu, uku. A ta biyar wani abu kamar waya mai zafi ya tashi daga ƙasan bayansa ya bi cinyarsa ta hagu. A ta bakwai ƙafar ta ɗauke. Yana ganinta a kan katako, cikin takalminsa, amma da ya ce mata ta ɗaga ba ta ji ba. Ya kama ƙarfen bene da hannu biyu. Ya sake ba ta umarni. Gumi ya gangaro masa cikin ido.

Bai faɗi ba. Ya tsaya ne kawai, ba sama ba ƙasa, har ya ji nauyin ya ragu. Lonnie ne ya hawo ta baya ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin buhunan, yana nishi.

"Kwance ɗamarar. Na riƙe. Kwance mana, tsohon banza, ni ma ba yaro ba ne."

Suka zaunar da shi a bencin da ake gwada takalma. Twila ta kawo ruwa a kofin takarda. Ƙafar ta fara dawowa da zugi kamar ana soka masa allurai.

"Kawu, ka ga likita kuwa? Mamata haka ƙashin bayanta ya yi ta zaunawa, sai da aka ɗauki hoto aka gani."

"Ta miƙe daga baya?"

Twila ta kalli kofin. "An dai ba ta magani."

Lonnie ya zauna kusa da shi, ya cire hula ya mayar. "Ka ga, nama ba matsala ba ne. Kashi huɗu za mu yi. Har ƙofar gida za a kawo maka, a yanke, a naɗe."

"Ban taɓa cin naman da ban goya ba."

"To sai ka fara. Ni ma na fara cin ganye, likita ya sa ni, ga ni ban mutu ba."

Merle bai yi dariya ba. Yana kallon tsohon firam ɗin da ke jingine a gindin kanta. A jikin ƙarfen hagu akwai zane-zanen wuƙa talatin, ɗaya na kowace shekara. Bara bai zana ba.

"Colby yana da firam?"

"Wani na roba yake da shi, na 'yan yawon buɗe ido. Me ya kawo wannan maganar?"

"Bayansa zai kai nawa?"

"Ina zan sani? Ni tela ne?" Lonnie ya miƙe da sauri. "Twila, ba ki da wani irin? Mai ɗamara mai faɗi, wadda ke tallafe baya? Na taɓa gani a wurin wani ɗan Kanada."

Twila ta buɗe baki, ta dubi fuskar Lonnie, ta rufe. "Wataƙila a sito," ta ce. "Zo ka taya ni sauke kwalaye."

Suka shige ciki. Merle yana jin ana jan kwalaye a ƙasa, da muryoyinsu ƙasa-ƙasa, da alama ba maganar ɗamara suke yi ba.

Ya gwada ƙafar, ta ɗauke shi. Ya sa jaket ɗinsa. Ya ɗauki tsohon firam ɗin ya kwantar da shi a kan kanta kusa da kofin Lonnie, inda zai gani ya kai wa Colby, ya naɗe igiyoyin yadda yake yi duk ƙarshen farauta, ya soke bakin ɗamarar don kada ta ja ƙasa. A bakin ƙofa ya miƙa hannu sama, sai da ya ɗan yi ɗage, ya riƙe ƙararrawar a tafinsa don kada ta yi ƙara. Ya buɗe ƙofar, ya fita, ya sake ta a hankali.