Kwamfutar da Za Ta Nuna Yatsu

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da kwamfuta ina gyara ta a hawa na biyu na ginin 'yan waya, shagon da ke jikin matakala, kuma ban taɓa sayar wa mutum ko da linzamin kwamfuta ba sai na tambaye shi me zai yi da shi. Wasu su ji haushi su wuce shagon gaba. Su je mana. Bayan wata biyu ni ɗin dai suke kawo wa gyara.

Wata Talata da hantsi ina cikin kwance laftof ɗin da wani ya tuntsurar wa shayi, sai ga Yayana ya hawo yana haki. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya ba ni shekara goma sha huɗu, kuma walda yake yi tun ina goye. Bai taɓa tako shagona ba. Ya zauna a kujerar masu jira, ya zaro ambulan daga aljihun gaba, ya ɗora a tebur ya dafe da hannu.

Ya ce kwamfuta yake so, sabuwa dal a kwali, siririya mai ruwan azurfa, irin ta mai kemis ɗin layinsu. Mai kemis ya gargaɗe shi ya tabbatar firosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, mai ƙarfi ce, kuma sautinta ya cika ɗaki. Har ya rubuta masa lambobi a bayan kwalin magani. Kuɗin kuwa na ƙaramin janaretansa ne na ajiya, wanda ya sayar ranar Lahadi.

Na leƙa ambulan. Za ta sayi mafi ƙanƙanta a cikin masu ruwan azurfar, shi ke nan, ko na data ba zai ragu ba. Na tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce aiki. Na ce wane aiki, ƙofar ƙarfe zai liƙa da ita? Ya ce shi ya sa ba ya son zuwa wurina, tun ina yarinya bakina ya fi ni girma, in zan sayar in sayar, in ba zan sayar ba ga shaguna nan reras.

Na ce ga hanya nan. Na koma kan laftof ɗina mai shayi, na ci gaba da goge ta da buroshi. Bai tashi ba. Na san halinsa, in ka matsa masa sai ya ƙafe, in ka ƙyale shi sai ya zubo maganar da kansa.

"Auta ce," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Auta 'yarsa ce ta ƙarshe. Wani zazzaɓi ya tafi da jinta tana shekara biyu. Uwarta ce ta koyi maganar hannu tare da ita a makarantar kurame, ita ce take fassara wa kowa a gidan. Da Allah ya yi mata rasuwa, Auta tana sha biyu, sai Yaya ya zauna ya koya, yana da shekara hamsin, da yatsun nan nasa masu kanta da tabon wuta. Ya iya daidai gwargwado. In suna zaune fuska da fuska har gardama suke yi. Wata takwas da suka wuce ta sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, tafiyar yini guda a mota, kuma duk Asabar ƙarfe biyar na yamma takan kira shi ta bidiyo.

A nan gizo ke saƙa. Ya ce a fuskar waya hannayenta ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, ga shi tartsatsin walda na sama da shekara arba'in ya cinye masa ido. Motsi kawai yake gani. Saƙon rubutu kuma sai ya kai wa mai kemis ya karanta masa, kuma ba kowace magana ce 'ya za ta so mai kemis ya ji ba. Na ce to me yake yi in ta kira? Ya ce yakan gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya ɗaga mata babban yatsa.

"Wata takwas, Yaya?"

"Wata takwas."

Raina ya ɓaci sosai, kuma ba da shi kaɗai ba. Ni gwaggonta ce, a cikin kayan kwamfuta nake kwana nake tashi, amma ban taɓa tambayar yadda suke gaisawa ba. Maganar hannun ma ban wuce sannu da na gode ba. Na ture laftof ɗin gefe, na ce ya ba ni kwalin maganin. Na jefa shi a kwandon shara.

Na fito da mai ruwan azurfar da yake mafarki, na kunna ta a gabansa. Sannan na jawo wata tsohuwar kwamfutar tebur daga ƙarƙashin kanta, baƙa, irin waɗanda ofisoshi ke sayarwa in sun sauya kaya, na haɗa ta da allo mai inci ashirin da bakwai. Ina da wani ɗan bidiyon Auta a wayata, na ranar da ta gama makaranta, tana yi wa ƙawarta magana da hannu. Na tura shi cikin kwamfutocin duka biyun.

A kan laftof sai da ya kai hancinsa kusa da gilashi, ya runtse ido ɗaya, ya ce kamar dai tana maganar ƙafa. Na juya kujerarsa zuwa babban allo. Ya jingina baya, sai ya ce ashe cewa take takalmin ya matse ta, da an gama hoto za ta cire shi ta riƙe a hannu. Ya sa na maimaita masa sau uku.

Saura ɓangarenta. Na gaya masa ita ma sai ta ga nasa hannun, in ba haka ba rabin aiki aka yi. Na tsayar da shi gaban kyamarar laftof na ce ya faɗi wani abu da sauri. Yatsunsa suka narke suka zama hayaƙi a allo. Na ɗaura wata kyamara ta daban a saman babban allon, mai ɗaukar hoto sittin a daƙiƙa, na ce ya sake. Kowane yatsa ya fito da tabonsa. Wani mai sayen caja ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonmu, na ce masa ba fim ake yi ba, ya dawo an jima.

Duk da haka Yaya bai sauko ba. Ya zagaya akwatin baƙar, ya shafa inda fenti ya kankare, ya ce yanzu ya sayar da janareta sukutum ya koma gida da kwancen ofis? Me Auta za ta ce? Mai kemis kuma sai ya yi mako yana dariya. Na ce Auta ba za ta taɓa ganin akwatin ba, a ƙarƙashin tebur zai zauna, fuskarsa da hannunsa za ta gani. Firosesa mai ƙarfi ta masu haɗa fim ce da masu wasan gem, kiran bidiyo ko wannan tsohuwar ba za ta yi gumi ba. Mai kemis kuma ya ji da maganinsa, ni ban taɓa zuwa na gaya masa abin da zai ba mai tari ba.

Ya tambaya ko ba za a ƙara lasifika ba, ko da ƙarama. Na ce wa zai yi magana a cikinta? Ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da tari, ya ɗauke hannunsa daga kan ambulan.

Kaso mafi tsoka allo ya ci. Sai kyamara, sai akwatin, sai ƙaramin batirin da zai riƙe su in an ɗauke wuta, da 'yar fitilar tebur. Abin da ya ragu na mayar masa a ambulan, na ce na data ne da na likitan ido, kuma in na ji ya sayi wayar walda da shi ni da shi ne. Ya ce wai yaushe na zama yayarsa. Na ce yau.

Ranar Asabar na rufe shago da wuri na kai kayan. Ɗakinsa sai da muka juya shi gaba ɗaya. Teburin yana inda taga ke bayansa, wanda hakan zai mai da Yaya baƙin dodo a kyamara, don haka muka ja gado, muka tura kwaba, muka sa tagar a gabansa. Na cire kalanda da rigunan da ya rataye a bango don bayan ya zama fili. Ya fito da farar riga ta fita unguwa, na ce ya sauya mai duhu, hannu ya fi fitowa a kanta. Ya yi ta mita amma ya sauya. Tun biyar saura kwata ya zauna, hannu a kan gwiwa.

Da ta kira, fuskarta ta cika allon. Ta rame kaɗan, ta sauya gilashi. Ta ɗaga gira ganin ɗakin ya canza, ta hango ni a gefe ta ɗaga mini hannu. Yaya yana da wata ɗabi'a, in yana karanta hannu sai ya riƙa faɗin kalmomin a fili, shi ya sa na ji komai. Ta yi masa sannu, ta ce lafiya lau, aiki lafiya, ta ci abinci. Ta yi su a hankali, manya-manya, ta tsaya tana jiran babban yatsa.

Bai ɗaga ba. Ya tambaye ta me ya sami gilashinta na da. Ta ba shi amsa da sauri, don gwaji ina jin, cewa ya faɗi a wurin wanke kwalabe. Ya ce ai dama ya gaya mata ta sa masa igiya.

Ta daina motsi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan hannayenta suka tashi da wani irin sauri, Yaya yana bin su da baki. Ta ce ta sani, tun Asabar ta uku ta gane ba ya ganin komai, shi ya sa ta rage magana zuwa abu uku. Ta ce a wata na huɗu an yi mata aiki a ciki, kwana biyar tana kwance. Daga gadon ta kira shi ta gaya masa tana jin tsoro. Ya yi murmushi ya ɗaga mata yatsa.

Ni ma ban san da maganar ba, ba ta gaya wa kowa ba. Na ji kunya, na ji tausayinsu, na rasa inda zan sa idona. Na ɗauka zai fara ba da haƙuri ko ya kawo hujjar ido, don shi ba mai karɓar laifi ba ne. Ya share fuska da hannun riga, ya jawo kujera ya matso, ya gyara fitilar da kansa. Ya ɗaga hannayensa daidai saitin kyamara, yana yi yana faɗa.

"Faro mini daga ranar da kika sauka a mota. Kada ki tsallake komai."

Na tattara kwalaye na fita tsakar gida, na ja musu ƙofa.