Hotunan da Ba Su da Suna

"Ja igiyar da kyau mana, makanike! So kake su share ƙasa?"

"Yaya, ni fa ba wanki na iya ba," ya ce. Amma ya ja, ya ɗaure ta a ƙarfen tagar shagona.

Igiya shida muka ɗaura a layinmu ranar, daga shagon ɗinkina zuwa na mai aski da ke tsallake. Ba tufafi za mu shanya ba, hotunan Baba Mai Hoto ne.

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakanin shagona da ɗakinsa, kuma zan faɗi gaskiya, ya sha ba ni haushi. Sauran masu hoto sukan jira ka yi wanka ka shafa mai. Shi kuwa sai ya lallaɓo da tsohuwar kyamararsa ya ɗauke ka kana hamma, ko kana cinikin tumatir da baki a buɗe. Ni ya taɓa ɗaukata da allura uku a baki, ɗankwali ya karkace. Na yi masa faɗa har muryata ta dishe. Dariya kawai ya yi.

"Maƙwabciya, ai haka kike. Wadda ta yi kwalliyar ban san ta ba."

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, 'yarsa ta baro aikinta na asibiti ta zo jinya. Ita ce ta buɗe kwalayen hotunan da ke bayan gadonsa, goma sha huɗu, ta tarar gara ta cinye rabin ɗaya. Ta garzaya ɗakin adana kayan tarihi ta roƙe su su karɓa kafin sauran su lalace. Matar da ke kula da wurin ta juya hoto biyar, ta ga bayansu fari fat.

"Su waye? Yaushe? Me suke yi? In babu wannan, ba za mu iya ajiyewa ba."

Baba bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya a bayan hoto ba. Duk a kansa suke, yana cewa wa zai manta da mutanensa. Ga shi yanzu harshen ya tafi, hannun dama ya mutu, likita kuma ya ce kwanaki ne suka rage. Na shiga na same shi yana kallon kwalayen, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi da taurin kansa.

"Ka ga abin da kake jawo wa mutane ko?" na ce. Sannan na juya ga 'yarsa. "Share fuskarki. Mutanen da ke ciki ba su mutu duka ba, kuma waɗanda suka mutu sun bar 'ya'ya."

Shi ya sa muka shanya su. Muka fito da shi a kujera, muka tokare shi da matasai a inuwar ƙofa, muka raba fensira don duk wanda ya gane hoto ya rubuta a bayansa.

Da farko tsaitsaye mutane suka yi suna leƙe. Sai matar mai gyaran takalma ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo, Innata! Ga ta tana tankaɗe! Wallahi ba mu da hotonta ko ɗaya!"

Shi ke nan, layi ya rikice. Kafin azahar mota ba ta iya wucewa. Direban bas ya yi ta danna oda, da ya gaji ya sauko zai yi masifa, sai ya ci karo da kansa yana ɗan shekara bakwai yana tura taya ba wando. Fensir ya nema. Tsofaffi biyu suka kusa dambe a kan shekarar da ruwa ya ci gadar ƙasan layi, sai da wata ta ce a shekarar ta haifi ɗanta na biyu, aka rubuta. Nawa hoton mai allura ni na rubuta da hannuna, na ƙara da cewa ba da izinina aka ɗauka ba.

Kwana uku muna haka. Mu sauke waɗanda aka gama, mu shanya sababbi. Baba ba ya iya magana, amma in aka yi kuskure sai ya buga sandarsa a ƙasa, a sake.

Rana ta uku da la'asar matar ɗakin tarihin ta zo, da ganin fuskarta ba ta sa rai ba. Ta ciro hoto ta juya. Ta ciro wani. Ta fi awa tana karatu a tsaye, wani wurin ta yi dariya, wani wurin ta cire tabarau ta goge. Sai ta durƙusa a gaban kujerarsa.

"Baba, za mu karɓa duka. Har da waɗanda gara ta taɓa. Za mu ware musu ɗaki."

Ihun da aka yi, na tabbata an ji shi a kasuwa. Makanike ya yi ta buga ƙarfe a jikin ganga. Ni da ba na kuka a gaban mutane, na yi, ban kuma ji kunya ba.

Hoto ɗaya ne ya gagare mu. Shagon mai aski ne na da, wani na zaune ana masa aski, an gane shi. Amma can cikin madubi akwai wani siririn saurayi mai yawan suma, yana murmushi, da abu baƙi a ƙirjinsa. Hoton ya zagaya hannu ya fi hamsin, ba wanda ya gane saurayin.

"Baƙo ne," in ji mai aski. "Ban taɓa aske wannan kan ba."

Sanda ta bugi ƙasa. Aka kai wa Baba hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga hannun hagu a hankali ya dafa ƙirjinsa.

Ashe shi ne, baƙin abin kuma kyamararsa ce. Duk shekarun nan kyamara ce a kan fuskarsa, ba wanda ya riƙe kamanninsa na ƙuruciya.

"Kai ne? Da wannan sumar?" na ce. "To, yau dai mun kama ka ba shiri!"

Ya yi dariya da rabin bakinsa har kafaɗarsa na rawa.

Bayan kwana biyu ya rasu, da hantsi, 'yarsa na goge masa fuska. Allah ya jiƙansa.

Ranar da motar ɗakin tarihin ta zo, mazan layin suka hana ma'aikatan taɓa komai, su suka ɗora kwalayen da kansu. Direba ya tada mota, amma 'yar tana zaune a bakin ƙofa da hoton madubin a cinyarta, bayansa har yanzu fari.

"Inna, me zan rubuta?"

"Rubuta abin da yake yi, kamar na kowa."

Ta lashi bakin fensirin, ta sunkuya. Na ga ta rubuta: Babana, yana aiki. Direban ya kashe motar, ya jira ta gama.