Gefen Dama

Zaren ya sake tsinkewa, Tela ya ja tsaki ya ɗauke ƙafarsa daga keken ɗinki. Ba laifin zaren ba ne. Dariyar matarsa ce ta doki kunnensa daga bakin shago, kuma ya san wanda ya jawo ta: Mai Gyaran Waya na shagon da ke damansu, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

Shekara da shekaru wuyan matar a murɗe yake zuwa hagu, haɓarta na neman kafaɗa, ga ciwo mai hana barci. An sha, an shafa, an gasa da ruwan zafi, duk a banza. Ta daina shiga mutane. Shi kuwa Tela ya koyi zama a hagunta, a tabarma, a mota, a kan hanya. Duk inda suka zauna, shi kaɗai take kallo. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma abin yana yi masa daɗi.

Sai aka tura su wajen wata likitar jijiyoyi, ta yi mata allurar botoks a tsokar wuya.

"Guba ce fa," in ji likitar tana murmushi, "amma ɗan mitsitsi muke sawa, sai tsokar da ta ɗaure ta saki. Bayan 'yan watanni ƙarfinta zai ƙare, sai ku dawo."

Wuya ya miƙe. Matar ta dawo shago tana sa maɓallai, tana waiwaye son ranta, tana gaisawa da mai ruwa da mai gawayi. Ashe akwai duniya guda a damanta, kuma cikin duniyar har da Mai Gyaran Waya da labaransa marasa kan gado. Kishi ya ci Tela har ya rame a tsaye. Da wuyan ya fara komawa hagu a 'yan kwanakin nan, Allah ya yafe masa, sanyi ya ji a ransa.

Ta leƙo ciki tana tallafe da haɓarta.

"Baban yara, ba ka shirya ba? Yau ne fa komawa asibiti."

"Kina ganin ɗinkin mutane jibge a gabana. Mu bari sai wani satin."

"Likita ta ce in muka wuce yau, sai mun sake bin layi. Ni kuma ciwon ya dawo."

"Ai da ma haka muke zaune, ba mu mutu ba."

Sai ga kan Mai Gyaran Waya ta ƙofa, da ɗan sukundireba a bayan kunne.

"Maigida, in aiki ya riƙe ka, ni sai in rufe shago in raka Hajiya. Ai maƙwabtaka ta wuce haka."

Tela bai san lokacin da ya miƙe ba, har almakashi ya faɗi ƙasa.

"Wa ya ce maka aiki ya riƙe ni? Je ka ji da wayoyinka. Ke, ɗauko mayafinki."

Bas ɗin a cike take maƙil. Matar ta samu wuri kusa da wani ƙato mai rungume da buhu, gurbin da ya rage kuwa a damanta yake. Tela ya roƙi ƙaton su yi musanya, mutumin ya ce shi kusa da taga yake so. Dole ya zauna. Abin da yake gani bai wuce ƙeyarta da ɗankunnenta ba, fuskarta duk tana wajen mai buhu. Ya cika ya yi fam, yana huci shi kaɗai.

Can sai ya ga ta ɗaga hannu ta dafa kumatunta na hagu. A hankali ta dinga tura fuskarta, wuyan na rawa yana turjewa, har ta juyo gare shi. Hawayen azaba sun cika mata ido.

"Ke, bari mana! Za ki ji wa kanki ciwo."

"Na ga fuskarka ranar da wuyan nan ya fara komawa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Murna ka yi."

Kunya ta rufe shi.

"Duk shekarun nan ciwo ne yake juya ni wajenka, Baban yara. Ashe ba ka so ka ga ranar da zan juyo da kaina?"

Ta saki hannun, wuyan ya fizge ya koma wajen mai buhu.

A asibiti likitar ta laluba tsokar da yatsa, ta soka siririyar allura nan da can, ta ce sai nan da 'yan kwanaki za ta fara aiki. Suka fito, matar ta zauna a benci don ta huta. Hagunta babu kowa, ƙafar Tela ma har ta nufi can don sabo.

Ya tsaya. Sannan ya zagaya ya zauna a damanta, ya ɗora hannu a gwiwa, yana kallon ɗankunnenta.