Bitar Malam Bobbo

Wata biyu da 'yan kwanaki Mukarrama Lado ta yi tana ja wa masu karatunta rai. Duk Juma'a sai ta saka babi ɗaya na sabon littafinta, Gawa a Gonar Rake, a zaurenta na WhatsApp, har ta kai babi na tara ta tsaya. Sauran biyar ɗin, inda za a san wanda ya kashe manomin, ta ce sai a bugaggen littafi. Mata a Ikara suka yi ta gardama a gidajen suna. Yawancinsu sun ɗora laifin a kan Alhajin cikin labarin, wani dillalin mazarƙwaila da ya daɗe yana son gonar mamacin. Haka ta so su zata.

Mutum uku ne suka san gaskiya: ita, da mai ɗab'i a Zariya, da Malam Bobbo Isma'il, wanda ya koya mata Hausa a sakandare, ya kuma duba mata littattafanta biyu na baya. Shi ta roƙa ya yi bitar littafin ranar ƙaddamarwa. Ta san al'adar masu bita: su bi labari tun daga farko har ƙarshe, su fito da darussa. Shi ya sa ta taka har gidansa a Gubuchi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce wannan ba irin littafin da ake bi har ƙarshe ba ne, ya taimaka ya tsaya inda ta tsaya. Malam ya yi dariya, ya ce shi da ya koya mata riƙon biro ba ita za ta koya masa riƙon baki ba. Ya yi mata alkawari.

An yi taron ranar Asabar da hantsi, a wani ɗakin taro a Makarfi. Babban mai ƙaddamarwa Alhaji Sadiƙ ne daga Kudan. Malam ne ya samo mata shi, ita dai ta san ɗan kasuwa ne. Sai da mai gabatarwa ya kira shi babban dillalin mazarƙwaila a yankin nan ta tuna da Alhajin cikin littafinta. Alhajin ya zauna fuska a ɗaure, bai dubi inda take ba.

Malam Bobbo ya miƙe da takardunsa. Ya yabi Hausarta, ya yi mata gyara biyu a kan sunayen kayan aikin matsar rake, aka yi dariya. Ya bi labarin a hankali har babi na tara. Mukarrama ta gyara zama, tana jiran ya ninke takarda. Sai ya juya shafi.

"Jama'a," in ji shi, "akwai masu yawo da magana wai yarinyar nan da wani take a littafinta. To ni na karanta har ƙarshe. Alhajin cikin littafin nan bai kashe kowa ba. Ƙanin mamacin ne, wanda ya fi kowa kuka a wurin jana'iza. Darasin shi ne, kada a zargi mai arziki saboda arzikinsa."

Alhaji Sadiƙ ya fara tafi, mutanensa suka bi. A kujerun baya, inda masu karatunta suka zauna, babu wanda ya tafa. Ta ga kawuna sun sunkuya a kan waya. Tata wayar ta fara motsi a cikin jaka, ba ta daina ba.

Da aka kira ta, ta karanta jawabin godiyar da ta rubuto yadda yake, har da sakin layin da ta ware wa Malam.

Alhaji ya ɗauki kwali guda ya ce a raba wa makarantu. Wata mata mai suna Wasila, wadda ta taso tun daga Furana, ta tsaya a teburin littattafai. Ta ɗauki ɗaya, ta buɗe shafin ƙarshe ta duba, ta rufe.

"Ashe kuwa shi ne," ta ce. "Ni da na yi rantsuwa da kaina zan gano."

Ta saya, amma Mukarrama ta ga saye ne na kara.

Ta sami Malam a waje, ƙarƙashin darbejiya, yana jiran motar Gubuchi. Kafin ta yi magana ya riga ta. Ya ce ranar Alhamis mutanen Alhaji suka same shi, suka ce an kai wa Alhajin tsegumi wai an zage shi a littafi, don haka ba zai zo ba. Shi kuma ya ba su kalmarsa cewa zai wanke shi a gaban jama'a. Taro ba babban baƙo, ai ita ce da jin kunya.

"Tun Alhamis ke nan, Malam."

"Da na faɗa miki, da kin yarda?"

"A'a."

"To kin gani. 'Yata, labari ne fa, kya rubuta wani. Mutum kamar Alhaji kuwa ba kullum ake samunsa ba."

Ya faɗi haka ne da sakakkiyar fuska, kamar wanda ya yi mata alheri yana jiran godiya. Sannan ya tambaye ta littafi na huɗu, wanda ta ce za ta kawo masa ya duba.

Yana cikin jakarta, a ambulan, shafi ɗari da tamanin, ta kammala shi tun makon jiya. Don ta ba shi yau ta taho da shi.

"Ban gama ba, Malam," ta ce.

Ta yi masa a sauka lafiya, ta ce ya gaida mutanen gida. Ta koma ciki ta fara mayar da sauran littattafan cikin kwali.