Kwanon Cecilia

A Ƙofar Ran duk matar da ta taɓa aika wa Inna Habibatu abinci ta san abu guda: kwanon mutane ba ya kwana a gidanta. Ki kai mata tuwo da azahar, kafin la'asar kwanonki ya dawo a wanke, da wani abu a ciki. In ba masa ba, gyaɗa. In babu gyaɗa, ko ƙullin daddawa ne. Fanko dai ba ya fita daga gidan nan. Shekara arba'in tana kan haka, da shi take taƙama, da shi kuma take yi wa matan unguwa gori.

Sai Allah Ya haɗa ta da Cecilia.

Cecilia ungozoma ce a asibiti, Kirista, mutumiyar Numan can bakin Binuwai. Ta kama haya a gidan da ke jingine da na Inna, suka yi shekara uku katanga ɗaya. Ta san Inna ba ta cin yankan da ba ta san wanda ya yi ba, saboda haka kifi take aiko mata, shi ba ruwansa da wuƙa. Inna kuma ta mayar da masa. Haka ake ta yi har aka mayar da Cecilia aiki garinsu. Ta ce wa Inna tafiya sai jibi. Da hantsi ta miƙo kwano ta kan katanga, fari mai jan baki, da murfinsa, miyar kifi fal tana tururi. Inna ta ci, ta wanke, ta hura wuta ta aza tanda. Ko da ta zagaya da masa mai zafi, ɗaki a share. Mota ta tashi tun ɗazu.

Wayyo. Ba a kwana biyu ba Hajja Madina, maƙwabciyarta ta ɗaya ɓangaren, ta leƙo.

"Inna, wannan farin kwanon sabo kika saya? Kamar na san shi a hannun wata."

Daga ranar bakin Inna ya mutu. Ta yi wa wata amarya gorin riƙe faranti kwana uku, sai amaryar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ai ni kwana uku ne." Sau ɗaya ta cika kwanon da masa ta ba ƙanin marigayin mijinta, Ɗanlarai, tsohon direban babbar mota da furfura ta gama cinye wa gemu. Bayan mako ya dawo mata da shi tas, wai ruwa ya yanke hanya bayan Gombe, ya ga masar za ta lalace, sai ya taimaka mata.

Shekara biyu kwano yana kallon Inna, Inna tana kallonsa.

Da aka yi bikin samun mulkin kai, aka gama kiɗe-kiɗe, tutoci suka fara koɗewa a bakin kasuwa, Inna ta ji Ɗanlarai zai kai kaya Numan. Ta tashi tsaye.

"Turawa ma sun mayar da abin mutane da suka riƙe tun ina goye. Ni ce zan zauna da kwano?"

Wannan karon ba ta soya komai ba. Ta ɗaure shinkafa, man gyaɗa da kanwa, ta naɗe tandarta cikin tsohon zane. Tandar nan ta ƙasa ce, mai gurbi tara, ta gada wurin uwarta, ta yi baƙi ƙirin don shan mai. Kwano kuwa a cinya.

"Matar Yaya," in ji Ɗanlarai, "aure za ki ko ƙaura?"

"Ja motarka, ɓarawon masa."

Kwana biyu suna hanya. Inna, wadda ruwan da ta sani bai wuce rijiya da rafin da ake tsallakewa da tattare zane ba, ta ga Binuwai ta kama baki.

"Ɗanlarai, ina ɗaya gefen?"

"Ga shi can, inda shanun nan suke kamar tururuwa."

Da aka hau da mota sukutum kan jirgin fito, ta rufe ido, ta rungume kwano, ta karanta duk abin da ta haddace, ta sake daga farko. Abin da ke ranta kawai, in za a nutse, a nutse a dawowa.

Cecilia na ganinta ta yar da tsintsiya.

"Inna! Da ƙafarki?"

"A'a, da ta aro. 'Yar nan, nuna min murhu, ba zama na zo yi ba."

To amma ƙullin masa sai ya kwana, kuma Ɗanlarai ya dawo ya ce kayan da zai ɗauka sai nan da kwana uku. Kafin Inna ta jiƙa shinkafa an ajiye mata giwan ruwa gasasshe, tsokarsa fara kamar auduga. Da la'asar tarwaɗa a miyar yakuwa. Da safe kunun gyaɗa da ƙananan kifi soyayyu da ake ci har ƙaya. Tana ci tana jin daɗi, tana jin haushi. Wanda aka aiko a kwano ta san yadda ake mayar da shi. Wanda aka ci a gidan mutum fa, a me za a zuba?

Washegari Cecilia ta ce sai ta nuna mata gari. Suka fara da unguwar masu ginin tukwane. Mata zaune a inuwa, ba injin komai, hannu ne da yumɓu, suna zagaya tukunya tana tashi, sa'an nan su mirgina totuwar masara a wuyanta zane ya fito. Inna ta tsaya gaban wata ƙatuwa, ja, mai ƙananan ƙusoshi jere a kafaɗa. Ta shafa, ta ƙwanƙwasa, ta sa kai ciki.

"Wannan ita ce randa. A nan ya kamata ruwan alwalata ya zauna."

Matan suka kwashe da dariya. Cecilia ta matso kunnenta.

"Inna, ta dafa burkutu ce."

"A'uzubillahi!" Ta janye hannu ta goge a zane. Sun yi nisa ta waiwaya. "Amma dai an iya gini."

Daga nan suka gangara bakin ruwa, wurin wani tsohon sito na Turawan kamfani, kwanon rufinsa duk tsatsa. Cecilia ta nuna mata layi a bango, sama da kan mutum, inda ruwa ya kai wata shekara. Ta ce da damina jirage ke hawowa tun daga teku, kakanta ma ya yi dakon buhuna a nan, gyaɗa da auduga ake lodawa a tafi da su.

"In sun tafi da gyaɗa, da me suke dawowa?"

"Gishiri, atamfa, kananzir."

Inna ta gyaɗa kai. "To, da sauƙi. Uwarsu ta yi musu tarbiyya."

Rana ta uku aka aza tanda. Ƙamshi ya tara unguwa, har masu tukwanen nan suka zo, Inna ta ba kowa. Sa'an nan ta zaɓi waɗanda suka fi tashi, ta jera a farin kwano, ta rufe, ta kira shaida.

"Ɗanlarai, ka gani?"

"Na gani. Ban ci ba."

"Cecilia, ga kwanonki. Ba fanko ba." Ta saki numfashin shekara biyu. "Amma ki gaya min, me ya sa kika ce min jibi?"

Cecilia ta yi dariya har da hawaye.

"Inna, da na faɗi gaskiya da kin dawo min da shi kafin azahar, shi ke nan mun rabu. Yanzu fa? Ga ki a Numan, kin ga ruwa."

Inna ta dube ta, ta dubi kwanon, ta shige ɗaki ta daɗe tana gyaran kaya. Da za su tafi ta zazzage ƙunshinta kaf a tsakar gida kada a cusa mata wani abu, ko cokalin wani babu. Suka rungumi juna, aka hau jirgi, wannan karon ido ɗaya ta rufe.

A Ƙofar Ran mata suka cika gida sannu da zuwa, Hajja Madina a gaba. Inna ta ba da labarin ruwa, da kifi, da randar da ba randa ba, ta ajiye babban don ƙarshe.

"Kwano kuwa ya koma hannun mai shi. Wadda ke da magana ta yi yanzu."

Sai ga sallamar Ɗanlarai. Ya shigo ɗauke da abu a tafin hannu, fari mai jan baki, murfi ya kasa rufuwa don bandar kifi.

"Matar Yaya, an ce kada in ba ki sai mun iso gida. Ƙarƙashin kujerata ya zo. Ni dai an ba ni nawa daban."

Hajja Madina ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki.

"Kwana bakwai a hanya! Inna, yawon buɗe ido kika kai shi?"

Inna ta karɓi kwano, ta ɗauki kifi guda ta shinshina, ta mayar.

"Hajja, in kin gama, gobe ki aro min tandarki."

"Taki fa?"

"Na manta ta a Numan. Ƙarƙashin gadon Cecilia, can ƙurya."

Dariya ta tsaya. Matar da ta san adadin alluranta ce za ta manta tandar uwarta?

"Shekara uku yarinyar nan tana katanga ɗaya da ni," in ji Inna. "Ta san kayan mutane ba sa kwana. Tanda kuwa ƙasa ce, ba a ba direba, balle wannan. Sai ta ɗauko da kanta."

Haka kuwa aka yi. Bayan mako bakwai Cecilia ta sami hutu, sai ga ta a Ƙofar Ran da ƙunshi a ka, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Aka kwance zane gaban matan unguwa. Gurbi tara, kowane da ƙwan zabo a ciki, an kewaye shi da auduga. Inna ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kin koyu," ta ce. "Hura min wuta."

Kwana huɗu Cecilia ta yi. Ranar tafiya Inna ta sa aka kira Hajja Madina musamman, aka cika farin kwano da masa a gabanta, Inna ta rufe da sabon faifai, ta raka shi har tasha, ba ta dawo ba sai da ƙurar motar ta kwanta. Daga ranar ba wadda ta sake ambatar kwano a Ƙofar Ran, amarya kuwa ta koma mayar da faranti a yininsa.

A tasha dai Cecilia ta dubi faifan nan, ta dubi Inna, ta buɗe baki za ta yi magana. Inna ta kawar da kai tana gyara mayafi. Murfin kwanon yana ƙarƙashin gadonta, can ƙurya, naɗe cikin tsohon zane.